Jan Littafin Alhaji Babba

A wani gari da ke bakin titin da ya tashi daga Kano ya yi gabas, akwai gidan da duk baƙon da ya sauka a tasha sai ya waiwaya ya sake kallonsa. Ƙofar ƙarfe ce baƙa mai ratsin ruwan zinare, soron an lulluɓe shi da tayil har sama, ga fitilun sola guda biyu da ke kwana a kunne ko da garin duka yana cikin duhu. Gidan Alhaji Babba ake ce masa, ko da yake ba nasa ba ne shi kaɗai. Idan ka wuce soron ka ratsa sashensa, akwai wasu sassa bakwai a baya, kowanne da magidanci da iyalinsa. Ƙannensa ne, uba ɗaya. Baƙo dai ba ya kaiwa can.

Mahaifinsu ya rasu a 1999, shekarar da soja suka koma bariki. 'Yan'uwansu mata suka karɓi nasu rabon suka koma ɗakunansu, maza takwas kuma aka bar musu jerin shaguna a Kano. Dattawa suka ce yayyanka shaguna asara ce, gara a bar su a dunƙule a riƙa raba kuɗin haya. Aka naɗa Baffa, ƙanen marigayi da ke zaune a birni, ya riƙa karɓa. Aka kuma rubuta takarda: kowane wata Baffa ya cire kaso mafi tsoka don gyaran shaguna da haraji da ladan wahalarsa, a ba Alhaji nasa, sauran kuma na sassan nan bakwai ne, kowane sashe da sunansa da gwargwadon bakunan da yake ciyarwa. Sai dai da yake a lokacin wasu daga cikin ƙannen ba su mallaki hankalin kansu ba, aka ƙara layi ɗaya: kuɗinsu ya fara sauka a hannun Yaya, cikin abin da aka kira asusun gida, shi kuma ya miƙa wa kowa nasa. Akwai wani layin a ƙasa. Tunda jarin hatsin da Alhaji ke juyawa daga dukiyar marigayi ya fito, sai ya riƙa zuba ɗaya bisa goma na ribarsa a asusun, ƙanne su samu ƙari. Da kyakkyawar niyya aka rubuta takardar, Liman ya sa hannu, aka shafa fatiha.

Alhaji mutum ne mai bin labarai. Rediyonsa ba ta mutuwa, kuma a teburin mai shayin bakin tasha babu wanda ya kai shi sanin yadda ake cutar ƙananan hukumomi a ƙasar nan. Idan ya fara, har direbobi sukan bar lodi su matso.

"Ku saurara ku ji," haka yake farawa, yana juya cokali a kofi. "Duk naira ɗari da aka raba a Abuja, Tarayya ta ɗauki 52.68, jihohi su ɗauki 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Wannan kashi ashirin da ɗoriya haƙƙinsu ne, ba sadaka ba. To amma sashe na 162 na tsarin mulki ya ce kuɗin ya fara sauka a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A nan gizo ke saƙar. Dokar rabon arziki ta ce jiha ma ta ƙara musu kashi 10 cikin ɗari na harajin da ta tara a cikin gida. Ku nuna mini ciyaman ɗin da zai dafa Alƙur'ani ya ce yana ganin wannan kuɗin cif-cif."

Sai ya kurɓi shayi ya ci gaba. "Ƙarshen shekara gwamna zai sha babbar riga ya tafi majalisa, ya karanta kasafin biliyoyi. Gadar sama, sabuwar sakatariya, fitilun titi a babban birni. A tafa masa. Wa ke tambayar da kuɗin wa? Kafin ciyaman ya ga sisi, an cire albashin malaman firamare, an cire na fansho, an cire kason masarauta, an cire na tsaro, an cire na wani abu wai shi aikin haɗin gwiwa, wanda jiha ce ta zaɓi aikin, ita ta zaɓi ɗan kwangila, ita za ta yanke kintinkiri. Shi kansa kasafin ƙaramar hukuma, a jihohi da dama sai an kai shi ma'aikatar ƙananan hukumomi an tankaɗe, majalisar jiha ta sa albarka. Duk shekarar da gwamna ya ƙara buri, ku je ku duba rijiyar burtsatsen ƙauyenku."

Ni dai ban ce komai game da gwamnoni ba. Alhaji ne ya faɗa, kuma da shaidu.

Shi ma yana da nasa ƙarshen shekarar. Cikin Disamba, bayan sallar isha'i, yakan sa a shimfiɗa tabarmi a soro, a kira ƙannen duka. Shi yana kan kujera, da wani littafi mai jan bango a cinya da tabarau a karan hanci. Yakan fara da addu'a ga marigayi, sannan ya buɗe littafin ya karanta abin da gida zai yi a shekara mai zuwa. Wata shekarar ƙofar ƙarfe, wata shekarar tayil, wata kuma motar gida, wadda mabuɗinta bai taɓa kwana a wani aljihu ban da nasa ba. A shafin kuɗin shiga akwai wani layi da yakan karanta da sauri, yana gyaran murya: gudummawar sassa. Babu sashen da aka taɓa tambaya ko zai bayar. Layin ɗaya bisa goma na ribar hatsi kuwa bai taɓa shiga littafin ba, domin a bakin Alhaji kasuwar hatsi ba ta taɓa yin kyau ba tun 1999. Idan ya rufe littafin sai ya ce, "Akwai mai magana?" Ƙannen su dubi tabarma su ce, "Allah ya ƙara girma, Yaya."

Wata safiya cikin Disamban 2022 ya zo teburin shayi da zafinsa. Shugaban ƙasa Muhammadu Buhari da bakinsa ya ba da misali a bainar jama'a: a turo wa ƙaramar hukuma naira miliyan ɗari, a ba ciyaman miliyan hamsin, a sa shi ya sa hannu cewa ɗari ya karɓa. Alhaji ya buga tebur har madara ta zube. "Kun ji ko? Shugaban ƙasa ne fa ya faɗa! Wallahi akwai hisabi."

Da la'asar ɗin ranar ya aika a kira Auta. Auta ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa. Alhaji ya zaro ambulan daga aljihun gaba, ya ɗora a kan jan littafin, ya juya littafin ya miƙa masa biro. A gaban sunan Auta an rubuta dubu ɗari. Auta ya taɓa ambulan, ya ji kaurinta, bai buɗe ba, ya san ba ta wuce rabi ba.

"Yaya, rufin ɗakin yara fa yana yoyo tun damina."

"Na sani, ƙanena. Ai ka ga an sa sola a ƙofa, kai ma kana wucewa ta nan da dare. Wannan ba amfaninka ba ne? Sa hannu, ina da baƙi."

Ya sa.

Kada a zalunci Alhaji, yana da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Akwai shekarar da ya miƙa wa na biyar a jeri kuɗinsa cif, bawan Allah ya tafi ya ƙaro aure, aka koro 'ya'yansa daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa. Tun daga nan Alhaji ya ce kuɗin makarantar yaran gidan duka daga sama za a riƙa cirewa, kuma gaskiya tun daga lokacin ba a sake koro kowa ba. Wani tsohon hedimasta da ke zama a teburin shayin, wanda ya san cikin gidan sarai amma ba ya nunawa, yakan ce shi ma ya ga irin haka. A farkon shekarun 1990, lokacin da aka damƙa albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi, sun yi watanni suna cin bashin masu kanti, shi ya sa har gobe ƙungiyar malamai ba ta son a mayar da albashinsu can. Ciyamomi ba mala'iku ba ne, ƙannen Alhaji ma haka. Abin da ba a gane ba shi ne yadda laifin mutum ɗaya na shekara ɗaya ya zama lasisin riƙe kuɗin mutum bakwai har abada, da kuma yadda kuɗin makaranta ya haifi kuɗin gadi, kuɗin gadi ya haifi kuɗin gaisuwar Mai unguwa, wannan kuma ya haifi kuɗin mai na motar da ba su taɓa shiga ba sai ranar jana'iza.

A bayan gida kuwa, rijiyar da marigayi ya haƙa ta rufta, mata suna sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Kwatar da ke fitar da ruwan sassan ta toshe, da damina ruwa ya kwanta a tsakar gida, sauro ya samu masauki. Waɗannan ƙananan ayyuka ne, na buhun siminti biyu da lebura ɗaya, irin waɗanda kowane magidanci zai yi da kansa in da kuɗinsa na hannunsa. Amma ba sa shiga jan littafi, don ba a ganinsu daga titi. Idan matan suka yi wa mazajensu ƙorafi, mazan su ce babu kuɗi. Idan aka je wa Alhaji, ya ce ai kowane sashe yana karɓar kasonsa duk wata, ga sa hannunsu nan. Ita kwata ba ta san wannan muhawara ba, tana nan a toshe.

Na uku a jeri tela ne, mai ɗan taurin kai. Wata shekara da aka ce akwai mai magana, sai ya ɗaga hannu.

"Yaya, Allah ya ba ka haƙuri. Ina roƙon a riƙa nuna mana saƙon da Baffa ke turowa, mu san nawa ya shigo kafin a cire abin da za a cire."

Soron ya yi tsit. Alhaji ya cire tabarau a hankali.

"Wato ɓarawo ne ni."

"Ban ce ba, Yaya."

"Ni na goya ka zuwa makarantar allo. Yau ni kake tuhuma a gaban yara."

Wata na kamawa ba a kira Tela ba. Aka kira wani ɗan ƙaninsu da ke kwana a shagon ƙofar sashen, saurayin da ko aure bai yi ba, aka ce shi zai riƙa karɓar ambulan ɗin sashen, riƙon ƙwarya, har Tela ya dawo hayyacinsa. Yaron kuwa ba ya ko taɓa ambulan ya ji kauri, hannu kawai yake sawa ya yi godiya. Alhaji ya ga abin ya yi daɗi, cikin shekara biyu sassa huɗu sun koma hannun 'yan riƙo. Wannan duk bai hana shi tsayawa a teburin shayi ya karanto sashe na 7 na tsarin mulki ba, wanda ya ce zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe ƙananan hukumomi, ya kuma la'anci masu naɗa kantomomi. Ya ba da labarin yadda a 2019 hukumar da ke sa ido kan zirga-zirgar kuɗi ta hana a ciri tsabar kuɗi fiye da naira dubu 500 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. "In ba rami, me ya kawo maganar rami?" in ji shi. Hedimasta ya dube shi ta saman kofi, ya ce, "Haka ne, Alhaji."

Bayan an janye tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin da ake rabawa a Abuja ya ƙaru sosai, Alhaji ya yi ta tambayar ina ƙarin ƙananan hukumomi ya shiga. A daidai lokacin Baffa ma ya ƙara wa 'yan haya kuɗi. Ambulan ɗin Auta ba ta ƙara kauri ba. Soro ne ya samu silin.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Alhaji ya biya wa kowa shayi da ƙwai. Kotun Ƙoli, da alƙalai bakwai, ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon riƙe shi, kuma duk inda kantoman riƙo ke zaune a maimakon zaɓaɓɓe, kada a tura ko kwabo. Alhaji har da ɗaga hannu sama. "Yau talaka ya samu 'yanci!"

Ashe Gwaggo, ƙanwar marigayi da ke zaune a sashen Tela tun da mijinta ya rasu, ita ma tana da rediyo. Tsohuwa ce da ba ta shiga maganar maza, amma jikanta ya kwanta zazzaɓi sau uku a daminar nan saboda ruwan kwata. Ta sa aka kira mata Alhaji, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofarta, yana tattare babbar riga kada ta taɓa ruwa.

"Babba, na ji an ce ka yi rabon shayi."

"Eh, Gwaggo, gaskiya ce ta yi halinta."

"Madalla. Laifi tudu ne, ɗana. Gobe ina son mota, zan je Kano wurin Baffanku."

Bai ba da motar ba, ya ce tana gareji. Ta hau ta haya. Bayan mako biyu Baffa ya zo, aka kira Liman da dattawan da suka rage cikin waɗanda suka shaida takardar farko. Aka yini ana magana. Da magariba aka tsayar: daga yau kowane sashe ya buɗe asusunsa a banki, Baffa ya riƙa turawa kai tsaye, kuma kowane sashe shi zai faɗi wanda zai riƙe masa, ba Yaya ba. Kowa ya zuba ido ya ga yadda Alhaji zai yi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Alhamdulillahi. Wallahi an sauke mini kaya. Da ma don zumunci nake yi."

Motar ta fito daga gareji washegari. Shi da kansa ya kwashi mutanen sassan zuwa banki. Kafin nan ya bi sashe-sashe da dare, ya zauna da kowa, ya tuna musu wanda ya biya sadakin wane da wanda ya yi belin wane, sannan ya ce su zaɓi wanda suke so, shi ba ruwansa. Sassa bakwai suka zaɓa, kuma cikin ikon Allah duka bakwai suka dace da waɗanda yake so. 'Yan riƙon nan huɗu suka zama zaɓaɓɓu. A banki, da aka zo rubuta lambar wayar da saƙo zai riƙa shiga, ya ce wayoyinsu ba sa riƙe caji, a sa tasa. Katunan cirar kuɗi kuma ya ce gidan da yara suka yi yawa ba a ajiye irin wannan a ɗaka, ya zuba su a durowarsa. Sannan ya kawo wata 'yar takarda, kowa ya sa hannu cewa da yardarsa zai riƙa mayar da wani kaso cikin sabon asusu don ayyukan da suka shafi kowa. Ba a kira shi asusun gida ba, wancan ai an soke shi. Asusun zumunci aka sa masa.

Shi ma Baffa bai yi gaggawa ba. Wani watan ya ce bankin ya ce a kawo hoto, wani watan ya ce a kawo shaidar haraji, kafin nan dai bari a ci gaba da turawa ta hannun Babba kada yara su kwana da yunwa. Masu lura sun ce wa'adin wakilcinsa ya kusa cika, kuma ranar da za a zauna sabunta shi, muryar Alhaji ce ke da nauyi.

A teburin shayi kuwa, Oktoban 2024 ya ba Alhaji abin magana har ya gaji. Jihohi sun yi ta rige-rigen shirya zaɓe don kada a riƙe musu kuɗi. A Jigawa APC ta cinye kujerun ciyaman 27 duka, a Kaduna ta cinye 23, a Kano NNPP ta cinye 44, a Anambra APGA ta riga ta kwashe 21 tun ƙarshen Satumba, sannan majalisar jihar ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi. Aka shiga 2025 ana ta zancen buɗe musu asusu a Babban Banki. "An gudu ba a tsira ba," in ji Alhaji, yana girgiza kai. "Wanda ya ɗora ka a kujera, ko kuɗin ya shigo aljihunka kai tsaye, ai da ƙafarka za ka kai masa."

Hedimasta ya ajiye kofi. "Alhaji, ka tuna 2004? Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas, gwamnan Legas na lokacin ya kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da wannan iko. Wancan gwamnan shi ne shugaban ƙasar da gwamnatinsa ta kai gwamnoni ƙara bayan shekara ashirin. Kowa ya san zafin a riƙe masa nasa. Na hannunsa ne ba ya jin nauyinsa." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Yaya jikin jikan Gwaggo?"

Alhaji ya ce da sauƙi, ya tashi ya ce yana da baƙi.

Tela ne kaɗai ya yi wani abu. Ya samu lambar yaron da ke rubuta wa Baffa rasit, duk wata yana tambayarsa nawa aka turo da sunan kowane sashe, ya rubuta da alli a bangon shagonsa inda matan gidan ke wucewa. Bai zagi kowa ba, lamba kawai yake rubutawa. Wata na uku matar Auta ta tsaya ta karanta, ta koma ta tambayi mijinta ina sauran. Wata na huɗu mata uku suka tambaya. An ce a zaman Disamban da ya wuce, da aka ce akwai mai magana, hannu biyu ne suka tashi, kuma an sa buhun siminti biyu na kwata a jan littafi, can ƙasan shafi, ƙarƙashin kuɗin fentin soro. Rijiya dai har yanzu tana rufce.

Idan wani mai babbar riga ya karanta wannan ya ji kamar ana taɓa shi, ya yi haƙuri, labarin wani gida ne a bakin titi. Kai kuma mai karatu, ba sai ka nemi yaron Baffa ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma a rabon wata-wata, da sunanta da adadinta, kuma duk mai waya zai iya dubawa. Kafin gwamnanku ya tafi majalisa da kasafin baɗi, nemi na ƙaramar hukumarku na watan jiya, ka rubuta a takarda, ka kai wa kansilan mazaɓarku ka tambaye shi nawa ne ya iso.